Arahar Atamfa: Wa Ke Biyan Cikon Kuɗin?

Mai karatu, in dai kai ma'abocin kallon finafinanmu ne, ko ke 'yar'uwa da ba ki rabo da littafin soyayya a ƙarƙashin matashin kai, to kun san wannan labarin tun kafin a fara shi. Yaro ɗan talakawa, mai ladabi, ya gama makaranta babu aiki. Yarinya 'yar Alhaji, ga kyau ga mota. Suna son juna kamar su mutu. Sai Alhaji ya daka tsalle ya ce shi 'yarsa ba za ta auri matsiyaci ba. Daga nan sai kuka, sai waƙa, sai ciwon zuciya, sai asibiti. A ƙarshe ko dai yaron ya yi kuɗi ta wata hanya da marubuci ya ga dama, ko kuma Alhaji ya karye ya dawo yana neman gafara.

Akwai tambaya guda da ban cika ganin an yi ta ba, a fim ko a littafi. Shin me ya sa uban yaron nan ya zama talaka, me kuma ya sa Alhaji ya zama Alhaji? Iyakar abin da ake gaya mana shi ne Alhaji ɗan kasuwa ne, yau yana Dubai gobe yana Caina. Uban yaro kuwa ga shi nan a zaure kan tabarma yana tari, an ce da can ma'aikacin kamfani ne. Shi ke nan, an wuce wurin. To ni kuwa ina ganin a nan ainihin labarin yake, domin abu ne mai yiwuwa kwantenar da ta ɗaga Alhaji sama ita ce dai ta zaunar da wancan dattijon a zaure. Wannan shi ne abin da masana ke kira dunƙulewar duniya, wato yadda kaya da kuɗi da labari suke ratsa ƙasashe kamar babu iyaka a tsakani. Abin da nake so mu tattauna shi ne: idan wannan dunƙulewa ta amfani mutum dubu ta kuma kassara mutum goma, shin waɗancan dubun suna da wani haƙƙi a kansu game da goman nan, ko kuwa kowa tasa ta fisshe shi?

Kafin mu yi nisa, kada wani ya ɗauka wai jiya-jiya duniya ta shigo mana gida. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano, waɗanda fatake ke kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, shaida ce. Ka ga ke nan a wancan zamani mu ne Cainar wasu. Saboda haka ciniki da nesa ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Abin da ya canza shi ne mazauninmu a cikin cinikin: da muna wajen masu yi, yanzu mun koma wajen masu saye.

Ko bayan zuwan Turawa ba nan take aka kwance mana zani a kasuwa ba. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna, tare da wani kamfanin Ingila, ta buɗe masaƙar KTL a Kakuri cikin Kaduna. A shekarun 1960 wasu suka biyo baya, irin su UNTL da Arewa Textiles. Abin lura a nan, ita UNTL Sinawan Hong Kong ne suka kafa ta, Arewa Textiles kuma da hannun Japanawa. Wato su ma baƙi ne, amma baƙin da suka kawo injin suka ajiye a ƙasarmu, suka ɗauki 'ya'yanmu aiki. A Kano ma ga Bompai, ga Sharaɗa, ga Challawa. Tambayi duk wanda ya san Kakuri a shekarun 1970 zuwa farkon 1980 ya ba ka labarin yadda hanya ke toshewa da kekuna idan an yi canjin aiki. Ma'aikacin masaƙa ba attajiri ba ne, amma yana da abin da talaka ya fi buƙata a duniya, wato sanin gobe. Ya san ƙarshen wata albashi zai shigo, ya san in ɗansa ya yi zazzaɓi akwai asibitin kamfani, ya san yana da ƙungiyar ƙwadago, ya san in ƙarfi ya ƙare akwai kuɗin sallama. A bayansa kuma ga manomin auduga a Funtuwa da Gusau da Malumfashi, ga masu gurzar audugar, ga direban babbar mota, ga mai tuwo-tuwo a bakin ƙofar kamfani, ga mai gidan haya. Mutum guda a gaban inji, mutane barkatai suna ci a bayansa.

Yadda abin ya rushe kuwa sananne ne. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin SAP, aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona har da ta auduga. Kayan gyaran inji da sinadaran rini da ake sayowa da dala suka yi tashin gwauron zabo. A 1995 Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, a 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. A ƙarshen 2001 ƙasar Sin ita ma ta shiga ƙungiyar, da masaƙunta masu wuta dare da rana. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Ko a lokutan da gwamnati ta maido da haramcin, atamfar ba ta daina zuwa ba, sai dai ta canza hanya: a sauke ta a Kwatano, ta biyo ta Nijar, ta kwana a Kantin Kwari. Kuma don Allah kada mu ɗora wa Sinawa laifin duka. Ba su ne suka hana NEPA kawo wuta ba, ba su ne suka sa baƙin man da masaƙu ke ƙonawa ya yi wuyar samu ba, ba kuma su ne ke tsaron kan iyakarmu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To amma fa akwai masu kare wannan tsari, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Tun 1817 wani masanin tattalin arziki na Ingila, David Ricardo, ya kawo misali da yadin Ingila da giyar Fotugal, ya nuna cewa idan kowace ƙasa ta tsaya kan abin da ya fi yi mata sauƙin yi, ta sayo saura daga waje, to jimillar dukiyar ƙasashen biyu za ta ƙaru. Kuma mu faɗi gaskiya, mun ga alamar haka da idonmu. 'Yar talakan da a da sai dai ta ga atamfa mai kyau a jikin 'yar masu kuɗi, yau ita ma tana ɗinka kala biyu da Sallah. Saurayi mai ƙaramin ƙarfi yana iya cika akwatin lefe ba tare da ya sayar da gonar gado ba. Wayar da ke hannunka, da fitilar caji da ɗiyarka ke karatu da ita, da ɗan janareton mai aski, duk ta wannan ƙofa suka shigo. Can ƙasar Sin kuwa, Bankin Duniya ya ƙiyasta mutum kusan miliyan 800 ne suka fita daga matsanancin talauci cikin shekara 40. Su ma 'yan Adam ne, su ma suna da 'ya'ya. Duk wanda ya ce dunƙulewar duniya sharri ce zalla, to bai yi adalci ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, lissafin Ricardo na jimilla ne, ita kuwa jimilla ba ta da gida, ba ta da mata, ba ta da shekaru. Ribar arahar atamfa tana watsuwa kamar yayyafi, kowa ya sami ɗigo: ke kin rage 'yan ɗaruruwa, ni na rage 'yan ɗaruruwa, ba ma ma lura. Asarar kuwa kamar ambaliya take, gida guda take shiga ta yi awon gaba da komai. Sa'annan, kuma wannan shi ne abin da ya fi damuna, ambaliyar ba ta samun mutane a shekaru ɗaya. Abin da ta yi wa mutum ya danganta da inda ta riske shi a tafiyar rayuwa.

Ɗauki magidanci ɗan shekara 50 a ranar da aka rufe ƙofar masaƙa. Shekara ashirin da wani abu ya yi a gaban inji guda. Ya san kukan injin nan kamar yadda uwa ta san kukan jaririnta, da jin ƙara ya san zare ya tsinke. Wannan gwaninta ce ta gaske, amma daga ranar da aka kashe injin ta zama ba ta da kasuwa ko ta sisin kwabo. Masana za su ce ai sai ya koma wata sana'ar. Wace? Wa zai ɗauki mai furfura koyon aiki? Da yawansu acaɓa suka koma, kuma abin dariya abin kuka, a kan babur ɗin Jincheng, wanda shi ma daga can ƙasar da ta kwantar da masaƙar aka kawo shi. Ba a jima ba aka hana acaɓar, a Kano a 2013, a Kaduna a 2014. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe shekaru suna zanga-zangar neman haƙƙinsu na sallama, da dama sun rasu ba su karɓa ba, matansu suka gaji zanga-zangar kamar yadda ake gadon gona.

Yanzu juya ka dubi ɗansa, wanda yake aji uku na sakandare a lokacin. Shi bai taɓa ganin kwantena ba, bai san inda Guangzhou take ba. Iyakar abin da ya sani shi ne an koro shi saboda kuɗin makaranta, ƙanwarsa kuma an ɗora mata farantin talla, daga baya aka aurar da ita da wuri don a rage baki. A daidai wannan shekarar ɗan Alhajin Kantin Kwari yana shirin tafiya karatu Maleshiya ko Masar. Bayan shekara goma sha biyar ɗaya ya dawo da digiri biyu da Turanci a bakinsa, yana iya yi wa kamfanin Turai aiki ta kwamfuta daga ɗakinsa a biya shi da dala. Ɗayan yana jan A Daidaita Sahu, ƙirar Indiya, wadda ba tasa ba ce, kullum sai ya kai balas. Lokacin da aka saki naira a 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, na farkon albashinsa ninkuwa ya yi yana kwance, na biyun kuwa kwanon shinkafa ne ya gagare shi. Rana ɗaya, doka ɗaya, gari ɗaya. Idan waɗannan biyun suka haɗu a neman aure, sai mu ce fim ya yi daɗi. Alhali tun suna yara aka gama rubuta musu ƙarshen labarin.

Shi saurayin yau yana da wata azabar da ubansa bai sani ba. Talakan da can bai san abin da ke cikin falon mai kuɗi ba sai in an aike shi. Na yanzu kuwa wayar da araha ta sa a hannunsa tana nuna masa komai: motocin Dubai, bikin 'ya'yan manya, ɗakin amaryar da aka kashe wa abin da ba zai samu ba har ya mutu. Yana gani, ba ya taɓawa. In ya ce bari shi ma ya bi kayan nan zuwa inda suka fito, sai ya tarar ƙofar a buɗe take ga atamfa da dala, amma a rufe take ga mutum. Likitanmu da muka karantar da kuɗin jama'a, Ingila da Saudiyya suna maraba da shi. Lebura kuwa sai dai ya bi ta Agadas ya shiga Sahara, ko 'yar'uwarsa ta tafi aikatau ƙasar Larabawa inda mai gida ke riƙe fasfo. Wani masani mai suna Branko Milanovic ya yi lissafi ya nuna cewa fiye da rabin bambancin samu tsakanin mutanen duniya, ƙasar da aka haifi mutum ce ke yanke shi. Ba ƙwazo ba, ba ilimi ba, ba tashin asuba ba. Wurin da cibiyarka ta faɗi kawai.

Kada 'yan fim da marubuta su ɗauka ana maganar wasu ne. Ita kanta industiri 'yar wannan dunƙulewa ce. Finafinan Indiya da 'yan Kwara (Lebanon nake nufi, ba Ilori ba) suka riƙa nunawa a gidajen silima su suka koya mana rawa da waƙa a fim, arahar bidiyo da kaset kuma ita ta sa 'yan Tumbin Giwa suka iya fitar da Turmin Danya a 1990. Shekaru suka yi ana cin abinci: furodusa ya buga kwali ya kai Ƙofar Wambai, 'yan kasuwa su saya su gurza kaset, masu shagon haya su samu, mai tura baro ya samu. Haka littafi, daga marubuciya zuwa mai buga tafireta zuwa maɗaba'a zuwa mai bayar da haya. Sai ga sidi, sai ga masu tura fim a waya kan 'yan nairori, sai ga Indiya-Hausa, inda fim ɗin da aka kashe wa miliyoyin daloli yake magana da Hausa ana sayar da shi a farashin namu. Wato abin da atamfar Caina ta yi wa Kakuri shi fassarar Indiya da satar fasaha suka yi wa Ƙofar Wambai. Waɗanda ke da ƙuruciya da sanin na'ura sun tsallake, suka koma YouTube da Arewa24, kuma masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So sun nuna akwai rayuwa a can. Amma ko a can ɗin ma ba daidai ake ba. Kuɗin tallar da YouTube ke biya ya danganta da ƙasar mai kallo, idon wanda ke Amurka ya fi idon wanda ke Gusau tsada nesa ba kusa ba. Har kallo ma, jama'a, an yi masa aji.

Dattawan industiri fa? Sau nawa ka ga hoton wani da ya ba ka dariya kana yaro, yana kwance ba lafiya ana neman taimakon jama'a? Sai a yi ta zagin manyan jarumai wai ba su da zumunci. Ni ina ganin zancen ya wuce rowa ko kyauta. An rawaito cewa Sayyidina Umar ya taɓa ganin wani tsoho Bayahude yana bara a ƙofar gidaje, da ya ji dalili sai ya yanka masa abin da zai riƙa ci daga baitulmali, a bisa hujjar cewa ba adalci ba ne a ci moriyar mutum yana da ƙarfi a yasar da shi ya tsufa. Lura da kyau, ba sadaka ya kira abin ba, haƙƙi ya ɗauke shi. Kuma ba daga aljihun wani mai tausayi ya ce a ba shi ba, daga asusun jama'a ne.

Na san abin da wani zai ce: arziki da talauci duk na Allah ne, kowa da rabonsa. Haka ne, babu mai ja. Amma ɗage haramcin 1997 ba daga sama ya faɗo ba, mutum ne ya sa hannu. Kwantenar da ta ratsa kan iyaka da dare, mutum ne ya kau da kai. Imani da ƙaddara bai taɓa wanke mai tauye mudu ba, ban ga dalilin da zai wanke mai tauye ƙasa ba. Kuma su kansu masu wa'azin buɗe kasuwa ba haka suke yi a gida ba. Amurka tana ba manomanta na auduga tallafi mai yawa, abin da ya sa a 2003 ƙasashen Binin da Burkina Faso da Cadi da Mali suka kai kuka gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya cewa ana karya musu farashi. Tun 1962 kuma Amurkan ta kafa wani shiri na tallafa wa ma'aikatan da kayan waje suka raba da aikinsu, ko da yake masu suka sun ce bai taka kara ya karya ba. Aƙalla dai sun yarda akwai bashi. Mu kuwa ko yarda ba mu yi ba.

To wa ake bi bashin? A ganina ba matar da ta sayi atamfa mai araha ba ce. Ba za ka ce wa wadda ke da kuɗin turmi ɗaya ta sayi mai tsada don kishin ƙasa ba, alhali mai yi mata wannan huɗuba shaddarsa daga Jamus ko Ostiriya take. Nauyin yana hawa ne gwargwadon riba. Wanda ya tara biliyoyi a shigo da kaya, da gwamnatin da ta karɓi kuɗin fito ta kuma yanke hukuncin buɗe ƙofa, su ne ya kamata su fitar da wani kaso a biya tsoho sallamarsa, a riƙe ɗansa a makaranta. In ribar da ake faɗa gaskiya ce, ai ta isa a yi haka a kuma sami saura. In kuwa ba ta isa ba, to da ma ba riba ba ce, kwashe wa aka yi daga aljihun wani aka zuba a na wani. Mai saye shi ma bai kuɓuta ɗungurungum ba, ko da sanin abin da ke bayan arahar ne. A watan Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladash ya kashe masu ɗinki sama da 1,100, akasarinsu mata, waɗanda ke ɗinka wa shagunan Turai da Amurka tufafi masu sauƙin kuɗi. Can ma wani ne ya biya cikon.

A cikin gidanmu na fim kuwa ba sai mun jira gwamnati ba. Yau ana kwaso tsofaffin finafinan zamanin kaset ana ɗora su a YouTube, dubban mutane suna kallo daga Kumasi zuwa Jidda, talla tana shiga, wani yana karɓar kuɗin duk wata. Dattijon da ya fito a uban yarinya a cikin fim ɗin an sallame shi sau ɗaya tak, a lokeshin, shekara ashirin da suka wuce, wataƙila ma da kuɗin mota da kwanon abinci. Babu takarda, don a lokacin babu wanda ya san akwai wata kasuwa da za ta zo. A shari'ar kotu mai yiwuwa ba ya bin kowa ko kwabo. Ƙungiyoyin masu shirya fim su ne za su zauna su yanke ko kashi nawa ne nasa a cikin wannan sabon cinikin, tun yana da ran da zai karɓa.